Guguwa ya tauna rigar kayan suna: amsa ga wata mai saƙa daga Tawa

Hajiya, ina wuni, ya gida, ya sanyi? Daga Tawa nake rubuto miki. Ni mai saƙar kayan jarirai ce, hula da safa da rigar sanyi, ina yi da kibiya ina yi da kwarashi. Da ita nake rufa wa kaina asiri, don maigidana yana Abijan wajen bida, sai shekara-shekara yake zuwa. Bara ɓarayi suka haura mana katanga suka ɗauke rago da akuya. Shi ne da ya zo bana ya sa aka kawo masa kwikwiyo daga wajen Abalak, irin dogayen nan na Buzaye, yara suka sa masa suna Guguwa. Yanzu watansa shida.

Tun da sanyi ya shigo nake shimfiɗa tabarma a tsakar gida ina saƙa cikin hantsi. Da na tashi duba tukunya sai ya wawuri dunƙulen zaren ya ruga da shi. Na bi shi da gudu, na doke shi, na ɗaure shi, duk a banza. Makon jiya ya ja wata riga ta kayan suna da na kusa gamawa, ya warware rabinta, ya tauna hannun. Zaren da na saya kuɗi jika huɗu ya cukurkuɗe. Garin ƙwatar zaren daga bakinsa haƙorinsa ya karce ni a ɗan yatsa, washegari kuma na ga guntun jan zare a kashinsa. Inna, uwar mijina da muke zaune tare, ta ce duk abin da bakin kare ya taɓa najasa ne, in ƙone shi, kuma mala'iku ba sa shiga gidan nan, a kai shi daji a yar. Wani maƙwabci ya ce zai ba shi abin da zai kwanta bai tashi ba. Maigidan kuwa a waya ya ce kada a taɓa masa kare. Mai rigar watan haihuwarta ya tsaya, ba ta san abin da ya faru ba. In wanke in gyara in ba ta ba tare da na faɗa ba? Kuma yaya zan yi da karen nan?

Ɗiyarki a Tawa

Ɗiyata, lafiya lau, sanyi da godiya. Abu biyu kika tambaye ni, amma akwai na uku da kika ambata a wuce, shi ne ya fi tayar min da hankali, wato ɗan yatsanki.

Ba ki ce min an yi wa Guguwa allurar rigakafin haukan kare ba, kwikwiyon da aka ɗauko daga zangon makiyaya kuwa da wuya a ce an yi masa. Cutar nan a yawu take, ta cizo take shiga ko ta karce komai ƙanƙantarsa, in ta kai ga bayyana a jikin mutum kuma kusan kullum ajali ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, yara ne kuma suka fi shiga haɗarin don su ne abokan wasan karnuka. Abin da ake yi a take shi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Wannan ya wuce miki. Wanda bai wuce ba shi ne ki je asibiti yau, ki nuna yatsan, ki faɗi ranar da abin ya faru, su yanke ko za a yi miki allura. Karen da ya ciji mutum ana sa masa ido kwana 10. In ya cika su yana ci yana sha yana wasansa, to ranar da ya karce ki ba shi da cutar a yawunsa. Kin ga ke nan ko don lafiyarki ba a yar da shi a daji yanzu, ba a kuma kashe shi. Maƙwabcin nan ki ce masa kin gode, ya bar maganar. Gidan da akwai yara da awaki da kaji ba a ajiye guba a tsakarsa, ko da an yi nufin bakin kare da ita. Da kwanakin sun cika, a kai Guguwa wajen likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo a yi masa allurar, a ba shi maganin tsutsar ciki, a duba masa kaska. Tun kwikwiyo yana wata 3 ake fara allurar, a riƙa sabuntawa yadda likitan ya rubuta. Ki adana takardar, wata rana in ya karci ɗan wani ita za ta raba ku da faɗa.

Sai zaren da kika gani a kashinsa. Allah ya kiyaye, wannan karon ya fita. Mutane sun ɗauka ƙashi ko dutse ne abin tsoro a cikin kare, alhali dogon zare ya fi su mugunta. Yadda abin yake, baki ɗaya na zaren sai ya sarƙe a ƙarƙashin harshe ko a mafitar tumbi, sauran ya bi hanji. Hanji yana ta ƙoƙarin tura shi gaba, shi kuwa a ɗaure yake ta sama, sai hanjin ya tattare a jikinsa kamar yadda bakin wando ke tattarewa in an ja mazagi, daga nan zaren ya shiga yankan hanjin. Alamarsa amai, ƙin abinci, kwanciya, da kuka in an taɓa cikin. In kika ga haka kada ki jira kwana ya zagayo, kada a ɗura masa mai, a kai shi likita, don sau da yawa sai an yi aiki ake ciro shi. In kuma wata rana kika ga zare yana leƙowa ta bakinsa daga maƙogwaro ko ta bayansa, kada ki ja. Jan nan shi ke ƙarasa yankan. Ki datse abin da ya fito da almakashi, sauran aikin likita ne.

Yanzu bari in gaya miki wane ne a gidanki, don na ga kamar an kawo miki shi ba a yi miki bayaninsa ba. Irin karen nan sunan kwarin Azawak yake ɗauke da shi, can arewa da ku har cikin Mali, inda shanun Azawak suka samo nasu sunan. Tun shekarun 1970 Turawa suka fara kwasarsa zuwa ƙasashensu saboda kyan ƙirarsa. A wajen masu shi aikinsa biyu, gadin zango da dabbobi, da kamo zomo da barewa a guje. Da ido yake farauta. Duk abin da ya gilma da sauri, ƙafarsa ta riga tunaninsa tashi. To ki dubi dunƙulen zare da ya faɗo daga cinyarki ya gangara a kan tabarma yana jan wutsiya: zomo ne aka kawo masa har gida. Ga shi kuma ɗan wata shida, daidai lokacin da kwikwiyo ke ƙarasa famfara, dasashi yana masa ƙaiƙayi, komai ya samu sai ya tauna. Ga zaren yana ƙanshin hannunki, ke mai ba shi abinci. Ga sanyi, shi kuwa gashinsa gajere ne, ba shi da kitse, duk abu mai laushi yana son ya ja shi makwancinsa. Haƙarƙarin da kike gani a waje ƙirarsa ce, ba yunwa ba ce.

Abin da ya fi ƙarfafa masa halin kuwa, ki yi haƙuri, gudun da kike bin sa da shi ne. Dabbar da aka halitta don tsere, tana kulle cikin katanga huɗu tun safe, ba mai kula ta. Sai ta gano cewa da ta ɗauki abu ɗaya, uwar gida za ta ajiye komai ta biyo ta ana ihu ana zagaya turmi. A wajensa babu wasan da ya kai wannan daɗi. Dukan da ke biyo baya ba ya haɗa shi da zaren, abin da yake koya kawai shi ne hannunki abin tsoro ne, sai ya ƙara damƙe abin da ke bakinsa ko ya yi sauri ya haɗiye. Irinsa ma ba ya manta wanda ya doke shi. Karen gadin da ke tsoron mutanen gidansa shi ne wanda wata rana yake cizon yaro. Ki ajiye sandar.

Maganin da nake ganin zai kashe miki wutar nan duka, ta zaren da ta Inna da ta masu sayen kayanki, guda ɗaya ne: a raba wurin saƙa da wurin kare, rabuwar da ba ta dogara da kin tuna ko kin manta ba. Mahaifiyata mai kaɗi ce, Allah ya jiƙanta, awaki ne abokan faɗanta. Ban taɓa ganin ta tashi daga kan tabarma ko don amsa sallama ba, sai ta mayar da auduga da mazari cikin kwalla ta rufe. Ba ta taɓa zama koya wa akuya cewa auduga ba abinci ba ce. Ke ma ki nemi bokitin roba mai murfi, ki huda murfin da ƙusa mai zafi, ki goge bakin hujin ya yi santsi, ki jefa dunƙulen a ciki ki zaro bakin zaren ta hujin. Dunƙule ba zai ƙara gangarawa ba, ƙurar hunturu ma ba za ta ƙara dusashe miki farin zare ba. In za ki tashi, aikin da kibiyoyin duka su shiga bokitin a danne murfi, bokitin ya shiga ɗaki a ja ƙofa. Zaren ajiya da kayan da aka gama su zauna cikin adaka. Guntayen da kike yankewa ki riƙa tara su a gwangwani, don su ne ake sharewa tsakar gida ya tsince su. Allurar ɗinke hannun riga ma kada ta kwana a kan tabarma da zare a jikinta.

Shi kuma a yi masa nasa wurin kusa da garken awaki, inda dama aikinsa yake: ƴar rumfa mai kare iska, da buhu biyu ko tsohuwar tabarma, da kaskon ruwansa shi kaɗai. Lokacin da kike saƙa a waje yana can, an kange shi da ƙyaure ko doguwar igiya a inuwa. Da dare a sake shi. Amma kangewar ba za ta yi aiki ba sai ya gaji. Ki samu babban yaro cikin ƴaƴanki ko ƙannen maigidan ya riƙa fita da shi bayan gari da sassafe, da igiya har sai sun wuce mutane da dabbobin mutane, ya yi gudunsa ya dawo. Karen da ya sha gudu da safe barci yake yi da hantsi. A ba shi abin taunarsa, busasshiyar fatar sa mai kauri ko kofato. Kada ki ce bari ki ba shi tsohuwar safa ko ragowar zare ya yi wasa da su, ba zai bambanta su da na sayarwa ba. Ƙashin da aka dafa yana tsagewa ya soki ciki, sauran miya mai albasa da yawa kuma tana lalata wa kare jini, ku kuwa ƙasar albasa ce, sai a kula da abin da ake juye masa.

In duk da haka ya sake dace da wani dunƙulen, ki tsaya cik inda kike. Ki ɗauko ɗan guntun cuku ko nama marar yaji, ki durƙusa, ki kira sunansa, ki nuna masa. Ba zai iya cin cuku da zare a baki ba. Da ya saki ki ce "saki", ki ba shi, ki ɗauke zaren ba tare da faɗa ba. Ki riƙa gwada wannan musanya da fatar taunarsa sau biyu ko uku a yini, kina mayar masa da ita bayan ya saki, har kalmar ta zauna masa. Yara ma su koya, don kada wani cikinsu ya ƙara sa hannu a bakinsa.

Maganar Inna kada ki ɗauke ta rigimar tsufa, tana da madogara. Hadisin mala'iku da gidan da ke da kare ingantacce ne, haka wanda ya ce ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum in ba na farauta ko kiwo ko gona ba ne. Amma naku don dabbobi da tsaron gida aka kawo shi bayan an yi muku sata, malamai da yawa kuma sun halatta wannan. Masu sharhin Risala sun kawo labarin mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka tuna masa Imamu Malik ya karhanta haka sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Batun najasa kuma akwai saɓani. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, duk mai rai mai tsarki ne har da yawunsa, wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bin umarni ne. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya su ne suke ɗaukar yawun najasa, a wajensu ma wankewa ake yi. Babu wanda ya ce a ƙone. Amma kada ke ki tsaya gaban uwar mijinki kina jawo mata littattafai, ko kina da gaskiya ba za ta yi daɗin ji daga bakinki ba. Ki ce, Inna, mu aika a tambayi malamin da kika yarda da shi. Kafin amsar ta zo ki ba ta abin da take da haƙƙi a kansa: kare ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa wurin salla, ba ya kusantar randa da kwanonin abinci. Ina kyautata zaton rabin ɓacin ranta ganinsa yana yawo ko'ina ne. Batun a yar da shi a daji kuwa, ita ma ta san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Maigidanki kuma ba daidai ba ne ya ce kada a taɓa masa kare daga Abijan, ya bar ki tsakaninsa da mahaifiyarsa. Ki gaya masa duk abin da ya faru, har yatsan da jika huɗun. Kuɗin allura da rumfa da ƙyaure nasa ne. Shi zai kira Inna da kansa ya roƙe ta ta bari a gwada wannan tsari zuwa ƙarshen sanyi. In an gwada da gaske, babu mai fita da karen, ko Inna ta ce ita dai ba za ta iya ba, to a mayar da shi hannun makiyayan da suka san darajarsa, a ƙara wa katanga tsawo. Wannan ba zalunci ba ne.

Rigar mutane kuwa, a'a ɗiyata, kada ki ba ta a ɓoye. Na san jika huɗu ba ƙaramin abu ba ne ga mai saƙa da hannu, na san daren da kika raba a kanta. Amma gidanku akwai yara, akwai maƙwabcin da ya riga ya sani, Tawa kuma duk girmanta magana ba ta kwana. Ranar suna ana ɗaga kaya ana yabawa wata za ta ce ai wannan ce kare ya tauna. Daga ranar an daina sayen hularki, ba don karen ba, don kin ɓoye. Ko da ma ba wanda zai ji, jaririn da ko cibiyarsa ba ta faɗi ba bai kamata a sa masa abin da uwarsa za ta ƙi in ta sani ba. Ki je gidanta da kanki, ki ce ga abin da ya faru, zan saƙa miki sabuwa da sabon zare, ki ba ni kwana kaza. Haihuwa da suna akwai mako ɗaya tsakani, rigar jariri kuwa ba ta fi ƙarfin hannun da ya saba ba. In launin ya ƙare a inda kika saya, ki tafi da guntunsa kasuwa ranar Lahadi ki gwada da rana, ki sayi wanda zai ishe ki a lokaci guda, don rini yakan bambanta ko da sunan launin ɗaya ne.

Tsohon zaren bai mutu ba. Ki yanke duk inda haƙori ya taɓa ki zubar inda ba zai tono ba. Sauran ki warware a hankali, kada ki ja ƙulli, sassauta shi ake yi da bakin kwarashi. Ki naɗe shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, ki ɗaure shi wuri huɗu, ki jiƙa a ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu, ki ɗauraye, ki matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba, ki rataye a inuwa. Lanƙwasar da saƙar farko ta bar masa za ta ragu sosai. In kina son sanin irin zaren da ke hannunki, ki kusanta guntunsa da ashana. Na roba, wanda shi ya fi yawa a kasuwanninmu, narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, shi ba ya son dutsen guga. Na gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi ya zama toka, shi kuma ruwan zafi da cuɗa ne ke sa shi ya shige ya cure. In ya bushe ki saƙa wa ƴaƴanki huluna da shi, ko abin ɗora butar shayi.

Ki fara da asibitin, sannan gidan mai rigar. Ki rubuto min in ji abin da suka ce game da yatsan. Ki gaida Inna da yara.